Sista Nkechi a Bayan Taga

Matata Emilia ta yi wa 'ya'yanmu duka ɗura, kuma duk sun yi ɓulɓul har ana zolayarsu a coci. Haka uwarta ta yi mata a ƙauyenmu Madakiya, haka kowace mace da na sani take yi. Za ta kife turmi ta zauna, ta kwantar da yaro a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa ta zuba kunu, sannan ta toshe masa hanci da yatsa. Da ya buɗe baki neman iska sai kunu ya wuce. Zai yi kuka, zai yi shure-shure, daga baya ya yi gyatsa ya yi barci. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan mugunta ba. Macen da ɗanta ya rame ita ake yi wa kallon banza.

Endurance jikarmu ce, 'yar autarmu Martha ce ta haife ta. Martha ta daɗe tana naƙuda a ƙauyen mijinta, can gaba da Zonkwa, kafin a samu motar da za ta kawo ta asibiti. Jaririyar ta fito, uwar ba ta tashi ba. Mijin ya riƙe yarinyar 'yan watanni, sai ya kawo mana ita a zane ya ce zai je Kaduna neman aiki. Labarinsa na ƙarshe da na ji, wai yana facin taya a Mararaban Rido.

Tun tana ƙarama muka ga ba kamar sauran yara take ba. Wuyanta bai tsaya ba. Hannuwanta a dunƙule, ƙafafunta a sanƙare, wani lokaci kuma farfaɗiya ta kama ta idanu su juye. Amma tana ganinmu, tana jinmu, idan na shigo daga kasuwa da ƙamshin citta a jikina sai ta yamutsa fuska kamar na yi mata laifi. Emilia ta ci gaba da ɗura, da me za ta rayu in ba haka ba? Sai dai duk bayan 'yan makonni zazzaɓi ya zo, ƙirji ya riƙa gurnani, mu kwasa sai asibiti. A yi allurai, a sallame mu, mu dawo, a sake komawa.

A wani kwanciyar asibitin ne wata nas ta tsaya a bakin gadon ta daɗe tana kallon yarinyar. Sunanta Nkechinyere, amma duk Kafanchan Sista Nkechi ake ce mata. A kwatas ɗin reluwe ta girma, ubanta Ifediora direban jirgin ƙasa ne, na san shi tun zamanin da muke loda citta a wagunu. Hausarta ta fi tawa daɗi.

"Mama, yaya kike ba ta abinci a gida?"

"Yadda ake ba yara," in ji Emilia.

"Ina so in gani."

"Ki zo mana. Gidanmu ba a ɓoye yake ba. Ki shiga unguwar Takau ki tambayi gidan Zamani mai citta."

Na ɗauka maganar fatar baki ce. Na ga ma'aikata da yawa a rayuwata, na san irin "zan zo" ɗinsu. Amma washegarin sallamarmu da la'asar sai ga ƙarar babur a ƙofar gida, ga ta da fararen kaya da jaka a kafaɗa. Ta gaishe mu har ƙasa, ta zauna a benci ta ce a yi yadda aka saba. Emilia ta kife turmi. Kunu bai gama wucewa sau biyu ba Sista Nkechi ta riƙe mata wuyan hannu.

"Mama, tsaya haka."

Ta ciro abin sauraren ƙirji, maimakon ta sa a kunnenta sai ta sa wa Emilia, ta ɗora ɗaya bakin a bayan yarinyar.

"Me kika ji?"

"Kamar ana suyar ƙosai daga nesa."

"Kununki ne, Mama. A huhu yake."

Emilia ta cire abin daga kunne a hankali ta miƙa mata. "Yarinya, kin haihu?"

"Ban haihu ba, Mama."

"To."

Na zaci a nan za a rabu. Amma 'yar direban jirgi ce, sai ta kawo misali daga gidansu. Ta ce maƙogwaro kamar tashar garin nan yake, layi biyu ne, ɗaya ya tafi ciki ɗaya ya tafi huhu, kuma kowane mutum yana da mai juya masa layi. Yaran da Emilia ta raina duk nasu yana aiki, shi ya sa ɗura ba ta yi musu komai ba. Na Endurance barci yake yi a bakin aiki. Idan kunu ya zo da gudu, duk inda ya ga dama yake shiga. Emilia ba ta ce ta yarda ba, amma ta tashi ta mayar da turmin kicin.

Ran nan Sista Nkechi ta zura wa yarinyar wata siririyar roba ta hanci har ciki, ta manne ta a kumatu da filasta, ta koya wa Emilia yadda za ta tace kunu ta tura da sirinji. Robar tana toshewa, tana zamewa, tana son canji, kuma ita kaɗai ta iya sa ta, don in aka kuskure hanya huhu za a cika. Ta ce roba ta wucin gadi ce, abin da take so shi ne yarinyar ta koyi haɗiya da cokali.

Ba asibiti ne ya aiko ta ba. Daga aiki take biyowa, in tana aikin safe ta zo da yamma, in na yamma ne ta zo da hantsi. Ta miƙe wa Endurance hannu da ƙafa ɗaya bayan ɗaya tana yi mata hira, ta duba bayanta da ɗuwawunta kada miki ya fito, ta niƙa ƙwayar farfaɗiya ta auna. Ta zana mini kujera a ƙasa da tsinke, mai jingina da wurin tallafe kai, na kai wa kafinta ya buga. A kujerar nan ake zaunar da yarinyar, haɓa ƙasa-ƙasa. Kunun acca mai kauri, rabin ƙaramin cokali, a ɗora a tsakiyar harshe, a sa yatsa a maƙogwaro a jira. Wani lokaci jiran nan har kaza ta zagaya tsakar gida ta dawo. Emilia takan tsaya daga bakin kicin tana cewa, "Kafin a gama wannan kofin ai yarinyar ta isa aure." Sista Nkechi ta ce, "To Mama ki fara tara mana kwanuka."

Haka aka yi shekara da shekaru. Zazzaɓin ya ragu, muka manta hanyar ɗakin yara na asibiti. Kumatu suka fito. Har ta fara dariya, wata irin dariya mai fitowa daga ciki kamar an buɗe famfon da ya daɗe ba ruwa. Sai dai cokali daga hannun Sista Nkechi kaɗai take karɓa. Sauran abincin yini Emilia ke turawa ta roba. Babu wanda ya damu, tunda ga Sista tana zuwa.

A cikin 1994, lokacin da aka fara haƙar citta, wata rana ta gama ciyar da yarinyar ta wanke cokali, ta ƙi tashi daga benci.

"Baba, babana zai koma gida kafin Kirsimeti."

"Ai duk shekara kuna zuwa."

"Wannan ba dawowa, Baba. Kuma tare za mu tafi."

Emilia tana tankaɗe, ta ajiye rariya. Ni dai robar da ke manne a kumatun yarinyar nake kallo. In Sista ta tafi, wa zai sa ta? In babu roba babu cokali, saura turmi.

Ni dillali ne. Aji uku na yi a makaranta, amma ban taɓa ganin cinikin da aka ce ya mutu ban je na taɓa shi na gani ba. Washegari na sa babbar riga na nufi kwatas. Rabin gidajen a rufe suke, wasu sun tafi tun bayan rikicin 1987, wasu jirgin ne ya daina zuwa suka gaji da jiran albashi. Ciyawa ta rufe layin da ake ajiye wagunu. Na sami Ifediora a gindin mangwaro da rediyo a cinya, akwatunan ƙarfe jere a baranda.

"Oga citta! Me ya kawo ka? Jirgi babu, wagon babu."

"Direba, na ji za ka gudu."

"Gudu? Ni ya tafi gida. Kai gidanka yana nan kusa, ka hau mota ka sauka Madakiya kafin shayi ya huce. Ni idan ya mutu a nan, yara za su ɗauki gawa a mota har ƙetaren kogi, su sha wahala, 'yan sanda su tare su a hanya. Gara na kai kaina da ƙafana."

"To ka kai kanka. Ka bar mana yarinyar."

"Na bar ta ma wa?"

Da ma na shirya. Na ce akwai ɗan ƙanena Alexander, malamin sakandare, yana da babur, ba ya sha, yana waƙa a ƙungiyar mawaƙan coci, kuma an ce za a ba shi mataimakin firinsifal. Ifediora ya yi dariya har rediyon ya zame.

"Zamani, kai ba ka canja ba. Kana so ka saye nas da tica."

"Auren kirki nake kawo maka."

"Alexander da kunne kamar faranti? Nkechi ta san shi, ita ta ɗinke masa kai da ya faɗi a babur ɗin."

Sai ya daina dariya. Ya ɗage bakin zanensa ya nuna mini ƙafarsa ta hagu, naɗe da bandeji har ƙauri. Ya ce ciwon suga ne. Kullum da safe sai ta yi masa allura kafin ta tafi aiki, ta wanke ƙafar, idanunsa ma sun fara hazo. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza biyu suna Legas.

"Kai kana da mara lafiya ɗaya a gida, ni ma ina da ɗaya, ni ne," in ji shi. "Ita ba ta so ta tafi. Can ba ta san kowa ba, yarenmu ma idan ta yi suna mata dariya. Amma ta ce ba za ta bar ni ba."

Na san lokacin da ake ninke buhu a bar kasuwa. Na ce masa in lokacin tafiya ya yi ya bar mini maganar mota, ina da direbobin da ke kai citta Onica.

Saura 'yan makonni kenan. Sista Nkechi ta ce dole kafin ta tafi Endurance ta karɓi cokali daga hannun Emilia, a cire roba gaba ɗaya. Aka fara. Emilia ta zauna gaban kujera, ta yi duk yadda aka nuna mata, har ta fi yadda na zata haƙuri. Yarinyar ta datse haƙora. Da hannun Emilia ya matso fuskarta sai ta sanƙare, ta karkatar da kai, idanu na neman Sista. A gwada da safe, a gwada da yamma, a sa suga, a sa gyaɗa. Ko ɗigo.

Ana cikin haka wata Asabar aka yi babban haɗarin mota a hanyar Kagoro, aka riƙe duk nas-nas a asibiti. A ranar kuma Endurance ta fizge robar da bayan hannu. Na je asibiti da kaina, ko ƙofar ɗakin ban iya kaiwa ba saboda mutane. Na bar saƙo na dawo. Yarinyar ba ta ci komai ba tun safe, rana ta karkata tana wani kuka siriri, leɓɓanta sun bushe. Yayar Emilia, Kumai, ta zo daga ƙauye da doya a ranar. Ta kalli yarinyar ta kalli ƙanwarta.

"Kina zaune jika tana mutuwa da yunwa a gabanki, ga kunu a tukunya? Wace irin uwa aka mayar da ke a birni?"

"An hana, Yaya."

"Wa ya hana? Yarinyar da ba ta taɓa goyo ba?"

Ina ƙofar gida ina sallamar masu kawo citta. Da na shigo na ga turmi a kife, Kumai ta riƙe ƙafafu, Emilia tana zubawa tana hawaye. Ba don ƙeta suka yi ba. Yarinyar ta ƙoshi kuwa, har ta yi barci. Kafin Litinin jikinta ya yi zafi kamar dutsen guga, numfashi yana fita da ƙyar.

Sista Nkechi ba ta yi faɗa ba. Na so ma ta yi, da Emilia ta samu abin mayarwa. Ta saurari ƙirjin, ta mayar da roba, ta hau babur ta je ta dawo da allurai da likita ya rubuta. Ta ce a asibiti gado ya ƙare, har a ƙasa ake kwantar da mutane, gara a gida. Mako guda tana zuwa safe da rana da yamma, tsakanin aikinta da ƙafar ubanta. Ta kifa yarinyar a cinyarta tana bubbuga bayanta da tafin hannu a lanƙwashe har majina ta fito. Ta rame a idona. Ranar da zazzaɓin ya sauka ta zauna a benci ta cire hular aiki ta ɗora a gwiwa.

"Mama, na gane abin da ya sa take ƙin cokalinki. Ba ke take ƙi ba. Hannunki take tsoro. Ta san hannun da ke toshe mata hanci tun tana jaririya, yanzu kuma an tuna mata."

Emilia ta dubi tafin hannunta kamar na wani ne. Ta ce, "Da hannun nan na raini uwarta."

"Na sani, Mama."

"To wa zai ba ta?"

Sista Nkechi ta juyo ta kalle ni. Na waiga baya ko akwai wani.

"Ni? Sista, ban taɓa ba yaro ko ruwa ba."

"Shi ya sa, Baba. Hannunka bai taɓa yi mata komai ba."

"Lokacin citta ne fa."

"Citta za ta jira, ai busasshiya ce. Ka wanke hannu da sabulu sosai, ba ta son ƙamshin."

Ta ce akwai sharaɗi na biyu, wanda ya fi wuya. Muddin Endurance tana ganinta ko tana jin muryarta, ba za ta buɗe wa kowa baki ba, za ta jira ta. Don haka daga gobe ba za ta ƙara shiga ɗakin ba. Za ta kashe babur tun daga bakin coci ta turo shi, ta zagaya bayan ɗaki ta tsaya a taga, tana leƙe ta gefen labule. In na yi daidai shiru. In na yi kuskure za ta ƙwanƙwasa katakon taga sau ɗaya, in tsaya. Kaurin kunu kuwa aikin Emilia ne, don a nan rabin haɗarin yake, kuma babu wanda ya kai ta sanin acca.

Haka dattijo da furfura ya zauna a 'yar kujera gaban jikarsa da cokalin shayi. Rana ta farko katakon nan ya sha ƙwanƙwasa. Cokali ya cika, ƙwas. Na ɗaga mata haɓa, ƙwas. Na yi sauri, ƙwas. Ni da na saba a kasuwa in mutum ya yi jinkiri in wuce na gaba. Yarinyar kuwa ba ta datse haƙora ba, kallona kawai take yi da mamaki, kunu yana dalala ta gefen baki. Idan na fito zufa ta jiƙa mini riga, sai in sami Sista a bayan ɗaki tsakanin buhunan citta, mu yi magana ƙasa-ƙasa kamar ɓarayi.

"Baba, kana riƙe numfashi. Tana ji. Ka yi mata hira."

"Hirar me zan yi da ita?"

"Ta kasuwa mana. Ni ma gulmar asibiti nake ba ta."

Sai na fara ba ta labarin 'yan Onica da ke jiƙa buhu, da na wani ɗan Kachia da ya cusa duwatsu a tsakiyar kaya. Ina cikin zagin mutumin nan ne na ji maƙogwaronta ya motsa a ƙarƙashin yatsana, ya hau ya sauka. Na jira ƙwanƙwasa. Shiru.

Labari ya kai kasuwa, ba a rasa mai kaiwa. Abokaina suka sa mini suna Mama Zamani. Wani ya ce zumuntar matan coci suna nemana in karɓi yunifom. Na ce su kawo, in dai da ɗankwali.

Abin da ban iya jurewa ba shi ne la'asar. Lokacin zuwan Sista yana yi sai yarinyar ta juya kai wajen ƙofa, ta daina karɓa, ta kasa kunne. Wadda take jira kuwa tana bayanta, bango kaɗai ne tsakaninsu. Wata rana Endurance ta yi ta wani sauti da ba ta yi wa kowa sai ita, tana yi tana jira, tana yi tana jira. Da na zagaya baya na sami Sista ta cusa bakin mayafi a baki. Na ce ta shiga ko sau ɗaya. Ta girgiza kai.

Kofi ya tashi daga kwata ya kai rabi, daga rabi ya kusa cika. Ana saura 'yan kwanaki tafiya Sista ta shiga ɗakin lokacin da yarinyar ke barcin rana, ba takalmi, ta zare robar a hankali ta fito da ita a hannu. Ta ce ta yi magana da wata abokiyar aikinta, Rahmatu, za ta riƙa leƙowa saboda maganin farfaɗiya da ƙirji. Amma abinci nawa ne.

Ranar tafiya na sa aka kai babbar mota kwatas tun da safe, aka loda akwatuna da gado da babur ɗin, aka gyara wa Ifediora wuri a gaba inda zai miƙe ƙafa. Na baro su na dawo don abincin hantsi. Na zauna, na fara. Ban ji zuwan Sista ba, inuwa kawai na gani a labule.

Muna tsakiyar kofi yarinyar ta yi tari. Na janye cokali. Ta sake yi, fuskarta ta yi ja, idanu suka kawo ruwa. Na kalli taga. Ba a ƙwanƙwasa ba, ba a ɗaga labule ba. Na sunkuyar da ita gaba na tallafe ƙirjinta, na bar ta ta yi tarinta, ina ce mata, "Fitar da shi, uwata, fitar da shi, ba inda za mu." Ta ja numfashi. Na kara kunne a bayanta, ba gurnani. Na jira har ta dawo daidai, ta kalli cokalin da kanta ta buɗe baki. Muka cinye kofin.

Na fito. Sista tana tsaye da atamfa da jakar tafiya, ban taɓa ganinta ba fararen kaya ba, sai ta koma mini yarinya ƙarama. Emilia ta riƙe mata hannu biyu.

"Shiga ki ɗauke ta, 'yata. Yau kaɗai. Ai ta ci."

"In ta ji ni yau, Mama, gobe za ta rufe baki tana jirana."

"To ba sallama?"

"Ki shiga ki ɗan ja labulen, kamar kina gyarawa."

Emilia ta shiga ta ja. Daga inda muke ana ganin bayan kujerar, da ƙeyar yarinyar, da kunne ɗaya, da hannun da ke dunƙule a kan katako. Sista Nkechi ta tsaya tana kallo. Direba ya yi hon daga bakin titi, ya sake yi. Ta durƙusa ta gaishe ni ba murya, ta ɗauki jaka ta bi ta bayan gida.

Yanzu Endurance ta shekara takwas. Tana cin faten acca, tana cin ayaba in an dama. Bara ta fara karɓa daga hannun Emilia, da safe kawai, kuma sai ina zaune kusa. Harkar citta na bar wa yara, ba na iya yin nisa da gida. Duk direban da zai yi gabas nakan tare shi in ce in ya bi ta wajen garinsu ya tambayi nas 'yar Ifediora, ya gaya mata yarinyar tana ci. Yawancinsu mantawa suke yi. Ɗaya ya dawo ya ce ya same ta a wani ƙaramin asibitin mishan, tsohon ya rasu an binne shi a gidansa. Wai da ta ji Hausa a bakinsa sai da ta zauna. Ta tsare shi har ya kusa makara, tana tambayar kowa, har Alexander.

Har yau ba ma kiran sunanta a ɗakin. Sau ɗaya Emilia ta yi suɓutar baki, yarinyar ta ƙi abinci har yamma tana kallon ƙofa. In muna son hirarta sai mu ɗauki benci mu fita ƙofar gida, ni da tsohuwa, mu yi ta ƙasa-ƙasa.